Ta yaya aka san abin da ke cikin ƙwayar zarra, wato atam, alhali ba wanda ya taɓa leƙawa?

Wani ɗalibi da ke shirin rubuta jarrabawar WAEC ya turo min tambaya kamar haka: "Malam, a littafi an zana mana atam da cibiya a tsakiya, ilektiron suna zagaye ta, kuma an ce atam ɗin ma ba a ganinsa da ido ko da madubin asibiti. To wa ya ga cibiyar? An ce wai Rutherford ya harbi zinare, amma ni ban gane yadda harbin zinare zai nuna wa mutum abin da ke ciki ba."

Ƙanena, wannan tambayar taka ta fi min daɗi a kan a ce ka haddace zanen ka wuce, domin shekara da shekaru ina koyar da wannan darasin kuma da wuya yaro ya tsaya ya ce ta yaya aka sani. Amsar a taƙaice ita ce ba wanda ya ga cibiyar da ido, ƙirga aka yi. An harba wasu ƙananan abubuwa masu gudun gaske cikin ƙarfe, aka zauna cikin duhu ana ƙirga guda nawa suka wuce, guda nawa suka karkace, guda nawa suka dawo baya, sannan aka tambayi lissafi: wane irin gini ne zai iya haifar da wannan ƙirgar? Amma bari in bi da kai a hankali, don akwai wani wuri da littattafan makaranta suke gajarce labarin har su ɓata shi.

Ka ɗauka an kawo maka ƙaton buhun auduga an ɗinke bakinsa, an ce wataƙila an ɓoye wani abu a ciki, kuma an hana ka buɗewa. An ba ka bindiga da harsashi iya son ranka. Kana harbi harsashi na hudawa yana fita ta ɗaya gefen, ɗari, dubu, duk suna wucewa, sai can guda ɗaya ya yi ƙara ya dawo ya wuce ta gefen kunnenka. Ai ko ba a faɗa maka ba ka san akwai abu mai tauri da nauyi a ciki, domin auduga ba ta mayar da harsashi. Kuma ka san abin ƙarami ne, da babba ne da ka riƙa samunsa a kai a kai. In ka yi haƙuri ka rubuta guda nawa ne ke dawowa cikin kowane dubu, har girmansa za ka iya ƙiyastawa. Wannan shi ne tushen aikin gaba ɗaya.

Kafin nan sai ka san me masana suke tsammani a lokacin. A 1897 J.J. Thomson, a ɗakin gwaji na Cavendish da ke Jami'ar Kambirij a Ingila, ya gano ilektiron, wata ƙwaya mai cajin negatib wadda ta fi zarrar haidirojin rashin nauyi kusan sau 1,800. Tunda zarra a dunƙule ba ta da caji, dole akwai cajin fozitib a wani wuri da ke soke na ilektiron. Sai a 1904 Thomson ya kawo shawarar cewa cajin fozitib ɗin a baje yake ko'ina cikin zarrar, ilektiron kuma suna nutse a cikinsa, kamar dai kankana da 'ya'yanta, jan naman shi ne fozitib, baƙaƙen 'ya'yan su ne ilektiron. Kada ka raina wannan tunanin fa, Thomson ba ƙaramin malami ba ne, ya yi lissafi sosai a kai, kuma da abin da aka sani a lokacin shawara ce mai ma'ana. A wannan shekarar wani masani ɗan Japan, Hantaro Nagaoka, ya kawo wata siffar daban mai babban abu a tsakiya da zoben ilektiron kewaye da shi, amma babu gwajin da zai raba gardama, sai aka fi bin ta Thomson.

Shi kuwa Ernest Rutherford ɗan Niyu Zilan ne, an haife shi a 1871, ɗan manomi, ya zo Kambirij ya yi aiki ƙarƙashin Thomson ɗin nan, daga nan ya tafi Jami'ar McGill a Kanada, sannan a 1907 ya koma Mancesta. Shi ne ya raɗa wa hasken alfa da beta suna, kuma a Mancesta shi da Thomas Royds suka tabbatar cewa ƙwayar alfa ba komai ba ce illa zarrar hiliyum da ta rabu da ilektiron ɗinta biyu. Ka ga kenan harsashi ne mai cajin fozitib guda biyu, nauyinsa ya ninka na ilektiron sama da sau 7,000, kuma yana fitowa daga sinadarin radiyum da danginsa da gudun da ya kai kilomita dubu goma sha biyar zuwa dubu ashirin a daƙiƙa ɗaya. A daƙiƙa fa, ba a awa ba. Radiyum ɗin da ya yi aiki da shi ma aro aka ba shi daga cibiyar kimiyya ta Biyana, babban birnin Ostiriya, domin a lokacin abu ne mai tsadar gaske.

Ta yaya ake ganin inda alfa ta faɗa? Akwai wani sinadari, zink salfaid, in aka shafa shi a ɗan gilashi, duk ƙwayar alfa ɗaya da ta buge shi sai ya yi wani ɗan walƙiya ƙanƙani, ƙyal, ya ɓace. Sai mutum ya shiga ɗaki mai duhu ya zauna tsawon lokaci har idonsa ya saba, sannan ya kafa ido a madubin ƙara girma yana ƙirga walƙiyar ɗaya bayan ɗaya, ido na gajiya nan da nan sai a yi canji da abokin aiki. Wannan wahalar Hans Geiger ne ya fi shanta, wani Bajamushe matashi da ke taimaka wa Rutherford, wanda daga baya na'urar auna tururin nukiliya ta ɗauki sunansa. Geiger ya fara auna yadda alfa ke ɗan karkacewa in ta ratsa siririn ƙarfe, ya ga yawancinsu karkacewar ba ta kai ko digiri ɗaya ba.

To ga wurin da nake son ka buɗe kunne. A aji ana yawan cewa "yawancin alfa sun wuce kai tsaye, saboda haka zarra fanko ce." Wannan maganar ita kaɗai ba hujja ba ce, domin siffar kankana ta Thomson ma cewa ta yi za su wuce. Me zai tare su? Ilektiron ba zai iya ba, karon alfa da ilektiron kamar tirela ce shaƙe da kaya ta bugi zakara a titi, ko girgiza ba za ta yi ba. Cajin fozitib ɗin kuma in a baje yake cikin faɗin zarra duka, ƙarfin turinsa a kowane wuri ɗan kaɗan ne, ba zai iya juya abu mai wannan gudun ba. Don haka wucewar ba ta ba kowa mamaki ba, kowa ya san za su wuce. Abin da ya rusa siffar Thomson shi ne 'yan tsirarun da suka ƙi wucewa.

A 1909 akwai wani ɗalibi a sashen, Ernest Marsden, shekarunsa kamar 20, ko digirin farko bai gama ba. Rutherford da kansa ya ba da labari daga baya cewa Geiger ya zo ya ce masa yaron nan ya kamata a ba shi ɗan bincike, sai ya ce to ya duba ko akwai alfa da ke juyawa da babbar kusurwa, kuma ya ce a ransa bai yi tsammanin za a samu ba. Yadda suka shirya abin da sauƙi: ga bututun da alfa ke fitowa, ga allon walƙiya a gefe, sai suka sa farantin darma a tsakani yadda babu alfa da za ta iya zuwa allon kai tsaye. Sannan aka ajiye ƙarfen gwaji a gaba. In allon ya yi walƙiya, to alfa ta je ta bugi ƙarfen ta dawo kenan, babu wata hanya. Kuma ya yi walƙiya.

Abin da ya burge ni da Geiger da Marsden shi ne ba su tashi da gudu suna shela ba, sai da suka bi abin ta kowace fuska. Suka gwada ƙarafa daban-daban, alminiyom, baƙin ƙarfe, tagulla, azurfa, kuza, filatinum, zinare, darma, suka ga galibi ƙarfen da zarrarsa ta fi nauyi ya fi mayar da alfa. Suka riƙa jera siraran fallayen zinare ɗaya kan ɗaya, suka ga adadin masu dawowa na ƙaruwa da ƙaruwar kauri har zuwa wani mataki ya tsaya, wanda ke nuna cewa dawowar daga cikin jikin ƙarfen take faruwa, ba tsalle ba ne daga fatar sama kamar ƙwallo a bango. Sannan suka ƙiyasta cewa a kan filatinum kusan alfa 1 cikin 8,000 ce ke dawowa. Rutherford ya kwatanta mamakinsa da cewa kamar ka harba harsashin igwa mai faɗin inci 15 a kan 'yar takarda marar kauri, ya dawo ya same ka.

Wani zai ce, to ba zai yiwu ƙananan karkacewa ne suka taru ba, kaɗan-kaɗan har suka kai digiri 90? Tambaya ce mai kyau kuma ita ce mafitar da masu bin Thomson za su fara kamawa. Fallen zinaren da ake magana kaurinsa kamar santimita 0.00004 ne, wato jerin zarra wajen 1,400 ke nan a kan juna, shi ya sa ma aka fi son zinare, ana iya buga shi ya yi siriri fiye da sauran ƙarafa. To alfa na ratsa waɗannan zarra, wannan ta tura ta dama kaɗan, waccan ta tura ta hagu kaɗan, yawancin turin yana soke juna, shi ya sa jimillar ba ta kai digiri ɗaya. Kafin a ce duk sun haɗa baki sun tura ta gefe guda har ta juya baya, kamar ka jefa kwabo sau ɗaruruwa a jere ne yana faɗowa a fuska ɗaya. Lissafi ya nuna ko za ka zauna kana ƙirga har ƙarshen rayuwarka ba za ka ga guda ba, balle 1 cikin 8,000. Saboda haka dole karo ɗaya ne tak, mai ƙarfin gaske, yake juya ta.

Rutherford ya shafe fiye da shekara yana juya wannan abu a kansa. Sai a watan Maris na 1911 ya gabatar da amsarsa a wani taron masana a Mancesta, cikakkiyar takardar ta fito a watan Mayu. Abin da ya ce shi ne, ƙarfin turi tsakanin caji biyu yana ƙaruwa ne sosai in sun matso kusa, in ka rage tazara zuwa rabi ƙarfin ya ninka sau huɗu, in ka rage zuwa kashi ɗaya cikin dubu ya ninka sau miliyan. To in aka tattara cajin zarra duka aka cusa shi a ɗigo guda, alfa za ta iya matsowa kusa da shi ƙwarai, a nan kuma turin zai kai ya tsayar da ita cak ya mayar da ita. Kuma dole ɗigon ya zama mai nauyi, in ba haka ba shi ne zai yi gaba, alfa ta bi bayansa.

Bari mu yi ɗan lissafin da kai ma za ka iya a bayan littafinka, don ka ga ba sihiri ba ne. A takardar 1911 ya kawo cewa a wannan siririn zinaren kusan alfa 1 cikin 20,000 ce ke juyawa da kusurwar da ta kai digiri 90. Kowace alfa tana ratsa zarra kamar 1,400. Kenan a kowace zarra ɗaya damar mummunan karo ita ce 1 cikin 20,000 sau 1,400, wato 1 cikin miliyan 28. Wannan rabon fili ne, faɗin abin da ake nema a kan faɗin fuskar zarra. In kana son rabon tsawo sai ka nemi lambar da in ta ninka kanta za ta ba da miliyan 28, za ka samu wajen 5,300. Ka ga daga ƙirga walƙiya kawai mun gano cewa wurin da ke mayar da alfa ya fi zarra ƙanƙanta sau dubbai. Akwai hanya ta biyu: ka san ƙarfin gudun alfa, ka san cajin zinare, sai ka lissafa a wace tazara turin zai cinye gudun duka in ta nufi cibiyar kai tsaye. Amsar tana fitowa kusan femtomita 30, femtomita ɗaya kuwa mita ce aka raba gida miliyan sau biliyan. Tunda alfa ta kai nan ba ta taɓa komai ba, cibiyar ba ta kai haka girma ba. Yau mun san daga tsakiyar cibiyar zinare zuwa bakinta kamar femtomita 7 ne, ita kuwa zarrar faɗinta ya kusa femtomita 300,000. In ka buɗa zarrar zinare ta kai tsawon filin ƙwallo, cibiyar ba za ta wuce ƙwayar dawa ko masara da aka ajiye a tsakiyar fili ba, kuma fiye da kashi 99.9 cikin ɗari na nauyin duka yana cikin wannan ƙwayar.

Amma abin da ya sa maganar Rutherford ta zama ilimi, ta wuce hasashe mai daɗin ji, shi ne ya fitar da ƙa'idar lissafi da za a iya ƙaryata shi da ita. Ya ce in gaskiya na faɗa, ga adadin walƙiyar da za ku gani a kowace kusurwa, kuma adadin zai ƙaru daidai da kaurin fallen, zai bi cajin cibiya in ya ninka kansa, zai ragu da sauri in gudun alfa ya ƙaru, in ka ninka gudu sau biyu adadin ya ragu sau 16. Geiger da Marsden suka koma cikin duhu. Suka ƙera akwatin ƙarfe da aka zuƙe iskar ciki, da madubi mai juyawa kewaye da fallen, suka auna daga digiri 5 har zuwa 150, inda adadin ke bambanta har sau 250,000 tsakanin gefen nan da gefen can, suka ƙirga walƙiya sama da 100,000 da idonsu. A 1913 suka wallafa sakamako, kowane sashe na ƙa'idar ya tsaya. Ni a wurina wannan aikin na 1913 shi ne ainihin hujjar, kuma shi ne ba a cika koya muku ba, ana tsayawa a kan mamakin 1909 kawai.

Abu biyu na gefe da ya kamata ka sani. Na farko, ƙa'idar ba ta nuna ko cibiyar fozitib ce ko negatib, domin in jawo alfa take yi maimakon turawa, alfa za ta zagaye ta ta bayanta ta dawo, lissafin kusurwa ya fito iri ɗaya, Rutherford da kansa ya faɗi haka a takardar, wasu hujjojin ne suka tabbatar fozitib ce. Na biyu, ya yi lissafin ne da tsohuwar kimiyyar Newton, wadda daga baya aka gano ba ta aiki yadda ya kamata a kan ƙananan abubuwa irin waɗannan, amma da aka sake lissafin da sabuwar kimiyyar kwantam a shekarun 1920 sai amsar ta fito daidai da tasa, saboda wata siffa ta musamman da ƙarfin turin caji yake da ita. Da wani irin ƙarfi ne daban da amsoshin biyu sun saɓa.

Gwajin bai faɗi komai ba game da yadda ilektiron suke zaune, wannan ka riƙe shi. Hasali ma ya jawo sabuwar matsala, domin bisa ilimin lokacin ilektiron da ke zagaye cibiya zai riƙa zubar da ƙarfinsa a matsayin haske har ya faɗa ciki cikin ƙiftawar ido, kenan da babu zarra ko ɗaya da za ta tsaya. Niels Bohr, ɗan Denmak da ya zo Mancesta a 1912, shi ne ya kawo mafita a 1913 da cewa ilektiron na da wasu matakai ƙayyadaddu da yake zama a kai. A wannan shekarar kuma Henry Moseley, shi ma daga ɗakin gwajin Rutherford, ya yi amfani da hasken eksire ya nuna cewa cajin cibiya shi ne lambar sinadari a jadawalin da kuke haddacewa, haidirojin 1, hiliyum 2, zinare 79. Wannan yaron an kashe shi a yaƙin duniya na farko a Galipoli a 1915 yana da shekara 27, har yau in na zo wurin nan a darasi sai na ji abin a raina. Zanen da ke littafinka na Bohr ne, kuma shi ma an wuce shi, yanzu ba a ɗaukar ilektiron a matsayin abu mai bin layi kamar keke a da'ira.

Daga nan dabarar harbi da ƙirga ta zama hanyar aiki. Rutherford ya harbi iskar naitirojin da alfa, a 1919 ya ba da rahoton cewa cibiyoyin haidirojin na fitowa daga ciki, abin da aka sa wa suna furoton. Patrick Blackett ya ɗauki hotuna wajen 23,000 na sawun alfa a cikin akwatin hazo, sawu sama da 400,000, ya samu guda 8 kacal da suka nuna abin da ke faruwa, cewa naitirojin ɗin haɗiye alfa yake yi ya zama oksijin ya tofar da furoton. Ka sake ganin darasin, takwas cikin dubu ɗari huɗu. A 1921 James Chadwick da Etienne Bieler suka harbi haidirojin da alfa masu sauri, cajinsa ƙarami ne don haka alfa na iya matsowa sosai, sai suka ga ƙirgar ta kauce wa ƙa'idar Rutherford. Wannan kaucewar ita ce alamar farko cewa in an matso kusa ƙwarai akwai wani ƙarfi daban da ba na caji ba, wanda yau muka san shi ne ke ɗaure cibiya kada furoton su tarwatse. Sai 1932, Chadwick ya bi diddigin wani baƙon haske da ke fita in an harbi beriliyum da alfa, wanda Irène Curie da mijinta Frédéric Joliot suka ga yana fizgo furoton daga kakin farafin. Ya auna yadda yake tura cibiyoyin haidirojin da na naitirojin, ya lissafa kamar yadda ake lissafin karon ƙwallaye biyu, ya ce wannan ƙwaya ce marar caji mai nauyi kusan daidai da furoton. Niyutiron kenan. Ita ce ke tafiyar da injin nukiliya, har da ƙaramin injin bincike da ke cibiyar makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda ya fara aiki a 2004.

Alfa daga radiyum tana da iyaka, ƙarfinta bai isa ta leƙa cikin furoton ba. Dalili shi ne a kimiyyar kwantam kowace ƙwaya mai gudu tana da halin igiyar ruwa, kuma ba za ka iya tantance abin da ya fi tsawon igiyarka ƙanƙanta ba, kamar ka ce za ka lalubo ƙwayar gero da hannu sanye da safar dambe. Ƙarin gudu shi ke gajarta igiyar, shi ya sa aka shiga gina injinan hanzarta ƙwayoyi. A shekarun 1950 Robert Hofstadter a Jami'ar Stanford ta Amurka ya harbi cibiyoyi da ilektiron masu ƙarfi, ya nuna furoton ba ɗigo ba ne, yana da faɗi, daga tsakiya zuwa baki bai kai femtomita ɗaya ba, ya samu kyautar Nobel a 1961. Sannan aka gina injin SLAC na hanzarta ilektiron a can Stanford, mai tsawon kusan kilomita 3, a ƙarshen shekarun 1960 ayarin su Jerome Friedman, Henry Kendall da Richard Taylor suka riƙa harbin haidirojin da ilektiron masu ƙarfin da ya ninka na alfar Rutherford sau dubbai. Abin da aka yi tsammani shi ne furoton curi ne mai laushi, cajinsa a baje, don haka masu juyawa da babbar kusurwa za su yi ƙaranci ƙwarai. Sai ga su da yawa fiye da lissafi. Ka ji labarin ya yi kama da wani? Kankanar Thomson ce ta sake fashewa, wannan karon a cikin furoton. James Bjorken da Richard Feynman suka taimaka wajen fassara sakamakon da cewa akwai ƙananan abubuwa masu tauri a ciki, aka gane su ne kwak ɗin da Murray Gell-Mann da George Zweig suka yi hasashe tun 1964. Friedman, Kendall da Taylor sun karɓi Nobel a 1990. Injin CERN, cibiyar binciken nukiliya ta Turai, da ke kan iyakar Faransa da Suwizalan, mai zagayen kilomita 27, inda aka gano ƙwayar Higgs a 2012, shi ma aikinsa kenan, haɗa karo da ƙirga abin da ya fito ta kowace kusurwa, sai dai yanzu kwamfuta ke ƙirgar.

Dabarar ta asali ma ba ta mutu ba. Har yanzu masu binciken ƙarafa da kayan lantarki suna harba hiliyum a kan abu su auna ƙarfin da ya dawo da shi, domin cibiya mai nauyi tana mayar da shi da kusan duk ƙarfinsa, marar nauyi kuma tana karɓe wani kaso, da haka ake sanin sinadaran da ke fatar abu ba tare da an fasa shi ba. Kumbon Surveyor 5 da Amurka ta saukar a duniyar wata a 1967 da irin wannan na'urar ya auna sinadaran ƙasar wurin.

In tambayar ta fito maka a jarrabawa, ka rubuta abubuwa ukun da suke so: yawancin alfa sun wuce, kaɗan sun karkace, ƙalilan ƙwarai sun dawo baya, sannan ka haɗa kowanne da abin da yake nunawa, wato yawancin zarra fili ne, akwai cajin fozitib a dunƙule, kuma cibiyar ƙarama ce mai ɗauke da kusan duk nauyin. Ka ambaci Geiger da Marsden da sunansu domin su suka yi gwajin da hannunsu, Rutherford ya ba da shawarar kuma ya fassara sakamakon. Lissafin nan na 20,000 sau 1,400 kuma ka zauna ka yi shi da kanka yau da dare, in wani mataki ya ɗaure maka kai ka sake turo min.